Labbo da Dutsen da Aka Jefa Gulbi

Bana shekara ashirin ke nan da muka kai Labbo makwancinsa a Kebbe. Duk shekara idan watan ya kama nakan ɗauki alƙalami in rubuta wa jarida cewa mutumin kirki ne, mai haƙuri, wanda ya koyar da ɗalibai masu yawa, sai in ajiye takardar. Ba don ƙarya na rubuta ba, duk wanda ya san shi zai faɗi haka. Abin da ke tsayar da hannuna shi ne akwai wata magana da ni kaɗai ya kamata in faɗa, in kuwa na tsallake ta, yabon nan duka ya zama wurin ɓuya. Yanzu ƙafa ta yi nauyi, ido ya fara gajiya, ba ni da tabbacin ganin baɗi. Bari in faɗe ta.

Labbo taubashina ne. Mahaifinsa, Malam Buhari, yayan mahaifiyata ne, malamin zaure a Kebbe, yana da gonaki ta wajen Fakku. Ni Mode, a Tambuwal aka haife ni, amma rabin ƙuruciyata a gidan Kawu na yi shi. Tare aka sa mu elementare ni da Labbo, tare muka tafi makarantar midil a Sakkwato. Daga nan hanya ta rabu. Ni na shiga makarantar horon malamai, na dawo Tambuwal ina koyar da yara. Shi kuwa lissafi ya yi ta jansa gaba, har gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki nauyinsa zuwa Ingila, ana gab da samun mulkin kai.

Yaran yau ba za su gane nauyin da ke kan ɗan Arewa guda da aka tura ƙetare a lokacin ba. Turawa suna tattara kayansu, kujeru suna zama babu kowa, kuma kowa ya ƙagu ya ga namu a kai. Wanda ya tafi, likita ake jira ya dawo, ko joji, ko injiniyan da zai kawo mana hanya da famfo. A Kebbe har an gama yanke wa Labbo hukunci, likita ne. Da ya gama digiri ya rubuto cewa zai tsaya bincike, mutane suka ce to, babban likita ke nan.

Ya zo hutu farkon wata bazara, saura shekara guda ya kammala. Ya rame, ya yi haske, Hausarsa tana nan yadda ya tafi da ita. Kwana biyu da isowarsa na hau keke na tafi Kebbe. Bayan azahar muna zaune a tsakar gida, mahaifiyarsa Inna tana gefe tana kaɗi, na ce masa ya bar ni da zancen sanyin Ingila, ya faɗa mini abin da yake yi can tsakani da Allah.

Ya ari guntun kwallin Inna wanda ba a daka ba, ya ɗora mini a tafin hannu. Ya ce in duba yadda yake fashewa a miƙe, da kusurwa, ba kamar hoge ba. Dalili, in ji shi, ƙwayoyin zarra da suka haɗu suka yi shi ba a warwatse suke ba, a jere suke layi bayan layi kamar shukar da aka yi da igiya. Haka gishiri, haka ƙarfe. Ido ba ya ganin jerin, madubin likita ma ba ya gani. Sai dai a aika ɗan saƙo ciki ya dawo da labari. Ɗan saƙon nan sunansa niyutiron, wani ƙanƙanin abu ne da ke zaune a tsakiyar ƙwayar zarra. Lantarki ba ya jansa, ba ya tura shi, saboda haka yana iya kutsawa cikin dutse. Daga wata babbar tukunya ta nukiliya ake samo su, a bar musu ƙofa ƙarama su fito a jere su doki dutsen. Idan suka ci karo da layukan nan sai su watse, amma ba watsewar banza ba. Kamar igiyar ruwa ce idan ta bugi jerin turakun masunta a gulbi, ta wani gefen ta fito da ƙarfi, ta wani gefen ruwa ya kwanta. Su kuma suna da na'ura mai zagaya dutsen a hankali tana jin inda suka fito da yawa da inda babu. Daga nan sai lissafi ya zana musu yadda ƙwayoyin suke zaune.

Sai ya nuna mazarin Inna. Ya ce kowane niyutiron haka yake, kullum cikin juyi, kuma shi kansa ɗan mitsitsin maganaɗisu ne mai kai da gindi. In ka sa shi tsakanin manyan maganaɗisu ba ya faɗuwa, sai dai kansa ya riƙa zagaye kamar mazarin da ya ɗan karkace, kuma gwargwadon ƙarfin maganaɗisun, gwargwadon saurin zagayen. Daga nan ya ciro wani ɗan dutse daga aljihu, baƙi mai ƙyalli, bai kai ƙwayar goro ba. Ya ce ƙwayoyin da ke cikin wannan su ma 'yan maganaɗisu ne. A cikin ƙarfen da ke jan allura duk gefe guda suke fuskanta. A cikin nasa kuwa, idan aka sanyaya shi ƙwarai, kowace ƙwaya juya wa maƙwabciyarta baya take yi, wannan ta dubi gabas, ta kusa da ita ta dubi yamma, har ƙarshen layi. Daga waje dutsen ko allura ba ya ja, a ciki kuwa cike yake da tsari. Niyutiron ne kaɗai ke iya shiga ya gano haka, saboda shi ma maganaɗisu ne. Aikin Labbo shi ne ya bi diddigin yadda tsarin nan ke rushewa idan ɗumi ya fara shiga dutsen.

Na ce, "To mi an amfaninai?"

Ya yi dariya ya ce, "Ban sani ba tukuna, Mode. Amma kai ba ka son ka sani?"

Ina so. Wannan ita ce gaskiyar da ta fi ba ni kunya. Na gane bayanin nan sarai, har na yi masa tambayoyin da suka sa ya tafa hannu. Na kuma tambaye shi haɗari. Ya ce tukunyar tana da haɗari, shi ya sa take bayan katanga mai kauri, kuma ana auna jikinsu a kai a kai. Dutsen da ya zo da shi kuwa rara ne, bai taɓa shiga ko ɗakin da tukunyar take ba, bambancinsa da kwallin Inna kaɗan ne. Na ji wannan da kunnena.

Ran kasuwa muka zauna a rumfar wani tela. Mutane suka taru, kowa yana son gaisawa da ɗan Malam da ya dawo daga Ingila. Kafin zuwansa, duk lokacin da na zo Kebbe ni ake kawo wa wasiƙa in karanta, ni ake tambaya abin da rediyo ya ce, ni ake shimfiɗa wa buzu. Ranar ko wurin zama ban samu ba sai bakin rumfa. Wani dattijo ya tambaye shi ko zai duba masa ƙafa, Labbo ya ce shi ba likita ba ne. Aka ce to mene ne? Ya fara bayani, ya sarƙe, don bai iya magana cikin taro ba. Sai na ɗaga murya.

'Yan shekaru kafin nan Faransa ta tayar da bom a cikin Sahara. Rediyo ya yi ta magana, ƙasa duka ta fusata, kuma a ƙauyukanmu duk tarin da ya daɗe, duk akuyar da ta yi ɓari, bom ɗin ake ɗora wa. Na san da wannan tsoron. Da shi na yi wasa.

Na ce, "Ku bar wahal da kanku. Kun tuna bom ɗin Sahara? To irin tukunyar da anka dafa shi, ita Labbo ka hura ma wuta. Har tsaraba ya zo muna da ita cikin aljihu."

Aka fashe da dariya. Shi ma ya yi, ya ce taubashi ba ya rasa abin faɗa. Na koma gida ina jin daɗin kaina. Ban lura da waɗanda ba su yi dariya ba.

Ba a yi mako uku ba ƙyanda ta shigo Kebbe. Duk bazara tana zuwa. A shekarar ta shiga Tambuwal, ta shiga Dogon Daji, inda Labbo bai taka ba. A ajina kaɗai yara da dama sun kwanta. Amma a Kebbe ta shiga gidan Kawu, ta ɗauki Nana, 'yar shekara uku, ɗiyar yayan Labbo, Attahiru. Yarinyar ta shaƙu da Labbo, kullum tana kafaɗarsa, kuma kowa a gidan ya ga yana ba ta dutsen nan tana wasa da shi. Kafin a yi sadakar uku maganata ta rumfar tela ta zagaye gari, ta dawo ba dariya a cikinta. Hajo, uwar yarinyar, ta ce ba za ta ƙara kwana gida ɗaya da dutsen ba. Waɗanda suke cin tuwo akushi ɗaya da Labbo suka fara samun uzuri.

Kawu ya aiko a kira ni. Bayan la'asar muka zauna a zaure, shi da Attahiru da Labbo da dattawa biyu. Dutsen yana kan wani ƙyalle a tsakiya, ba wanda ya matsa kusa da shi. Kawu mutum ne da ba ya yanke hukunci da ji-ta-ji-ta. Ya dube ni ya ce:

"Mode, ni ban yi boko ba, kai ka yi. Labbo ya ce babu cuta cikin dutsen ga, amma abinai na, dole shi kare shi. Kai ba ka da riba ciki. An ce kai ka fara faɗin maganar. Faɗa min tsakaninka da Allah, abin ga shina kisa?"

Amsar tana bakina, kalma ɗaya ce. Amma in na ce a'a, dole in ce wasa na yi, in faɗi haka a gaban Attahiru da idonsa bai bushe ba, in amsa cewa malamin makaranta guda ya jefa gida cikin wannan hali don neman a yi masa dariya. Na hango yadda za a dube ni a Tambuwal. Na sunkuyar da kai na ce:

"Kawu, ilimina bai kai nan ba. Ban iya rantsuwa ta kowane gefe."

Labbo ya ɗago ya dube ni. Ba harara ba ce. Kallon mutumin da ya ji an kira sunansa da wani harshe ne, yana ƙoƙarin ganewa. Sai ya mayar da idonsa kan tabarma.

Kawu ya dubi dutsen. Sannan ya ce abin da ɗan boko ya kasa wanke shi, shi ba zai bar shi a gidansa ba. A kai dutsen gulbi. Ya juya ga Labbo ya ce, "Kai kuma ban amince ka koma ga tukunyar nan ba. Na binne jika, ban son a aiko min da labarin ɗa."

Labbo ya ce, "To, Baba."

Shi da Attahiru suka nufi gulbi. Ni ban bi su ba. Na ɗauki kekena na kama hanyar Tambuwal ko sallama ban yi wa Inna ba.

Ina so masu karatu su yi wa Kawu adalci. Na sha jin 'yan boko suna ba da irin wannan labari su ce malaman zaure ne suka hana Arewa ci gaba. Kawu shi ya sa hannu ɗansa ya ƙetare teku lokacin da sa'o'insa ke ɓoye nasu a rumbu. Da tsoro ya zo, bai bi tsoron ba, ya nemi wanda ya sani ya tambaye shi. Ya yi abin da ya kamata. Wanda ya sani ɗin ne ya ci amana.

Malamin Labbo na Ingila ya rubuto har sau biyu. Labbo ya ba shi haƙuri. Ya karɓi aikin koyar da kimiyya a wata sakandare, aka yi ta yawo da shi gari-gari, daga baya ya dawo kusa da gida. Lokacin da Kawu ya rasu an riga an yi juyin mulki, an yi yaƙi, Jihar Arewa da ta tura shi ta zama tarihi, shi kuma yana da mata da 'ya'ya. Ƙofar ta rufe. Hajo ta sake haihuwa har biyar, kuma har ta koma ga Allah ba ta ƙara barin Labbo ya ɗauki ɗanta ba. Idan ya shigo gidan sai ta janye yaran ɗaki. Ta mutu tana ganin ƙanen mijinta ne ya kashe mata ɗiya. Wannan kam babu jaridar da za ta gyara shi.

Ni da shi kuwa muka ci gaba kamar ba abin da ya faru. Kowace sallah tare muke cin tuwo. Shi ya raɗa wa ɗana na fari suna. Idan ya samu mujallar kimiyya da wani tsohon ɗalibinsa ya aiko, sai ya hau babur ya zo Tambuwal, ya shimfiɗa ta a gabana yana nuna mini abin da aka gano da niyutiron, yana cewa, ka gani, wannan tambayar mu muka fara ta. Ba ɗaci a muryarsa. Sau ɗaya, a cikin mota muna dawowa daga Sakkwato, mun wuce Dogon Daji, na ce, "Labbo, ranar nan ta zauren Kawu." Ya jira. Na ga yana jira. Sai na ce, zafin da aka yi a shekarar ba a sake irinsa ba. Ya ce haka ne, ya juya yana kallon gonaki.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Tambuwal ta cika da babura da shagunan waya, yaro ɗan firamare yana riƙe da abin da mu a da sai a mafarki. Na san zai karɓi wayar ya juya ta, ya tambayi yaron ko ya san me ke cikinta, kuma zai ji ciwo idan yaron ya ce bai damu ba. Ya sha faɗa wa ɗalibansa cewa mutanen da suke saye kawai ba sa tambaya, kullum a hannun wasu suke. Ji-ta-ji-ta kuma, wadda a zamaninmu take tafiya da ƙafa daga rumfa zuwa rumfa, yanzu a cikin wayar take gudu. Idan na ga wani mai ilimi ya ji ana yaɗa ƙarya a kan magani ko rigakafi ya yi shiru don kada a zage shi, ba na iya zaginsa. Fuskata nake gani.

Bara ciwon baya ya kai ni wani asibiti a Sakkwato. Aka kwantar da ni, aka tura ni cikin wata na'ura mai kama da rami tana ƙara. Da na fito na tambayi likitan, yarinya ce sa'ar jikata, yadda abin yake gani cikin jiki ba tare da wuƙa ba. Ta ce, Baba, babban maganaɗisu ne. A cikin ruwan jikinka akwai wasu ƙananan abubuwa masu juyi, idan suka shiga maganaɗisu sai kansu ya riƙa zagaye, mu kuma mu saurari zagayen mu mayar da shi hoto. Na ce niyutiron? Ta yi mamaki, ta ce ba shi ba ne, ɗan'uwansa ne da suke zaune tare, amma juyin iri ɗaya ne. Ta ce a ina na sani? Sai hawaye ya zubo mini. Ta ɗauka ciwon ne ya sa ni hawaye, ta ƙara mini magani.

Da na gama rubuta wannan, na ga bai kamata iyalin Labbo su fara ganinsa a jarida ba. Babbar ɗiyarsa Dije tana koyarwa a nan Tambuwal, gidanta yana kan hanyar da nake bi zuwa masallacin Juma'a. Na je da hantsi, ta shimfiɗa mini tabarma, ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ta saba. Na karanta mata tun daga farko. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na kai ƙarshe ta ce:

"Baba Mode, ai mun sani."

Na ce tun yaushe?

"Tun cikin ciwon da ya tafi da shi. Ya tara mu ya faɗa muna duka. Ni na yi fushi, na ce mishi, Baba, kuma kana cin tuwo da shi? Ya ce duk ƙasar ga kai ɗai ka taɓa gane abin da yake faɗi, in ya yar da kai, da wa zai yi hira?"

Ta gyara mayafinta, sannan ta ce, "Ya bar maka saƙo. Ya ce in ka zo da maganar da bakinka, mu ce maka ya yafe tun ranar. In ba ka zo ba, mu ƙyale ka, kada mu sa ka jin nauyi."

Shekara ashirin saƙon nan yana ajiye a gidan da nake wucewa ta ƙofarsa kowace Juma'a. Shekara ashirin 'ya'yansa suna zuwa gaishe ni da sallah, suna cire takalmi tun daga zaure, suna kawo mini jikokinsa in sa musu albarka, kuma ko a fuska ɗayansu bai taɓa nuna mini ba.

A da ina ganin abin da na raba Labbo da shi shi ne suna: littafin da bai rubuta ba, binciken da wani ya ƙarasa a madadinsa. Wannan asara ce, ta shi da ta ƙasar da ta tura shi, kuma yafiyarsa ba ta rage mata nauyi a wuyana ba. Amma abin da ya rage na Labbo a duniya ba a takarda yake ba. Yana cikin tsofaffin ɗalibansa da har yau in sun gan ni suke tsayar da mota su ce shi ya koya musu tambayar dalili. Yana kuma cikin 'ya'ya shida da aka danƙa wa sirrin da zai iya tozarta tsoho, suka riƙe shi shekara ashirin, suna jiran tsohon ya yi ƙarfin halin da ubansu ya yarda wata rana zai yi. Ya fi ni yarda da ni. Allah ya jiƙan Labbo, ya jiƙan Kawu da Nana da Hajo. Ni kuma ku roƙa mini gafara, na zo a makare.